Ƙafar Mushe Illa

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Matamaye ya san Mushe Illa (Mushe ake ce wa malamin lakwal). Dogo ne, mai faɗa, ga tsabta kamar me. Shekara da shekaru yana koyarwa, har 'ya'yan ɗalibansa na farko suka zo suka zauna gabansa. Yana da katin mutuwel, wato inshorar lafiya ta ma'aikata, wanda da shi za a duba shi a likitar unguwa, wato ɗan asibitinsu, amma ko sau ɗaya bai taɓa taka ƙofarta ba. Wai wurin awon jarirai ne da rabon farasitamol.

"Su wa ke ciki?" in ji shi ga matarsa Indo. "Yaran da na share wa majina. Najaha da ta maimaita aji ita za ta duba ni?"

Najaha ma'aikaciyar jinya ce a likitar, kuma ai ta girma, ta yi karatunta, har da 'ya'yanta. Amma ina, a idon Mushe tana nan yarinya mai tawada a baki.

Ana shirin jarrabawar ƙarshen shekara ƙusar wani tsohon benci ta soke shi a tafin ƙafa. Ɗan ciwo ne, bai kai a faɗa ba. Sai dai ya ƙi warkewa. Indo ta gasa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ƙafa sai kumbura take. Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta turo masa yayansa Kabiru, duk a banza. Shi dai a bari a yi hutu ya tafi Damagaram, can ne likitocin gaske suke. Yanzu wa zai bar wa yara?

Abin haushi, da wannan bakin yake koya wa yaran cewa in ciwo ya kama mutum ya je likita da wuri.

Ya koma sa silifas, daga baya ya koma koyarwa a zaune. Ranar da Indo ta ji warin ƙafar tun daga tsakar gida, ba ta ƙara neman izininsa ba, ta kira Kabiru ya samo mota. A Damagaram aka ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da suka dawo gida, Najaha ce ta riƙa zuwa wankin ciwon, ba wanda ya aike ta. A zaure ta taɓa faɗa wa Indo, tana hawaye, cewa da Mushe ya zo tun farko ɗigon jini ɗaya a yatsa zai nuna sugan, kuma da wuya a kai ga yanka. Indo ta haɗiye maganar, tana cin ta a rai ita kaɗai.

Wata safiya Najaha na naɗa bandeji, Mushe ya yi ta kallon hannunta. Can ya ce, "Najaha, da na zo wurinku a lokacin, da ƙafar nan tana nan?"

Indo ta tsaya cak da buta a hannu.

"Haka Allah ya rubuta, Mushe," in ji Najaha, kanta a sunkuye.

Mushe ya juya fuskarsa bango.

"Tun kina aji ba ki iya ƙarya ba," ya ce.