Garkar Labbo Ba Gado Ba Ce

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Labbo, Allah shi jiƙan shi. Amma ba da ranar da munka rufe shi zan fara ba. Zan fara da wata ranar bazara tun yana da ƙarfinsa, a gindin tsamiyar da ke bakin garkarsa, kan hanyar da ta fita Tambuwal ta nufi Kebbe. Ga waɗanda ke wurin: shi Labbo, da matarsa Hassi, da Ladan Sambo na masallacin unguwarmu, da Dikko wanzami da ya zo yi masa aski, da Kulu mai daddawa da ta zo neman kalwa, sai ni ƙanwarsa. Ɗansa Mode yana goye a bayan uwarsa yana barci. Ni ban taɓa riƙe allo ba, faɗa nake ana rubuta muku, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Dikko ya aske rabin kai, sai Labbo ya ɗaga hannu ya tsayar da aska. Ya ce, "Ku zama shaida. Garkar ga ba gado ba ce. Na bar ta don Allah, ta kowa ce. Kada a yi mata darni. Wanda ya ci, shi zuba tulu guda." Ladan ya yi addu'a, munka shafa, Dikko ya ƙarasa askinsa.

Wanda bai san Labbo ba sai in gaya masa. Falke ne, da ayarin Gwanja yake tafiya. 'Yan uwansa fatake su dawo da goro da tufafi, shi ya dawo da iri ƙulle a tsumma da 'yan tsirrai a fasassun tukwane, ya ɗaure su a kan jaki, yana raba ruwan shansa da su. An yi masa dariya har an gaji. Ni ma na faɗa masa magana, don ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Bai kula mu ba. Ya dasa rumman da lemun tsami da ya samo wajen wasu Larabawa, da dabinon Azbin, da rimin Nufe, da gwanda, da ɓaure. Na dajinmu ma bai raina su ba: kanya, ɗinya, taura, tsada, maɗaci, kowanne da wurinsa. Ya fitar da 'yan hanyoyi a tsakaninsu, ɗaya ta bi ta masu 'ya'ya, ɗaya ta masu magani, ɗaya ta gangara fadama wajen giginyu. Goro kaɗai ya ƙi shi. Duk tafiya sai ya kawo, duk rani sai ya mutu, shi kuma ya ce, "Baɗi."

Maganar tulu ita ce dokar wurin. Akwai tulu a bakin shiga. Ka ci abin da ka ci, ka ɗebi sassaƙen da za ka ɗiba, amma kafin ka fita ka cika tulun a rijiya. Kuma ba itacen da ka ci za ka shayar ba, wannan ya riga ya kai ga ruwa da saiwarsa. Ƙaramin da bai ba kowa komai ba tukuna, shi za ka zuba wa. Tun da Labbo ya rasu ni ke zama bakin nan da abawata ina kaɗi. Yara suna ce mini Goggo mai ido a ƙeya. Su faɗa. Na taɓa sauko da barden hakimi daga kan doki saboda lemo, ya ɗauki tulun yana huci, amma ya ɗauka.

Bara damina ta yi gardama. Mode ya girma, ya yi iyali, rumbunsa ya ga ƙasa tun kafin bazara. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Goggo, inuwa ba ta cika ciki. Gonar ubana ce, sare ta nika yi in shuka gero." Ban zage shi ba, don yunwar gidansa gaskiya ce, na ga wuyan 'ya'yansa. Na ce masa, "Ba taka ba ce, ba tawa ba ce." Ya ce wa ya ce? Na ce ubanka. Ya ce shi bai ji ba. Gaskiya ya faɗa, barci yake yi.

Ya kai magana gaban alƙali, ya wasa gatari yana jira. Alƙali ya nemi shaidu. Ladan Sambo ya rasu, Hassi ta rasu. Ni kaɗai mace, maganata ba ta isa ba, sai an sami namiji guda da mata biyu. Da tsufana na hau jaki. Na sami Kulu a Jabo, haƙora sun zube amma hankali garau. Dikko kuwa sai da na bi shi har Kebbe, aka ce ya koma Fakku wajen ɗiyarsa. Na tarar da shi kwance, ya ce ƙafa ta ƙi. Na ce, "Dikko, bakinka nika so, ba ƙafarka ba. Tashi." Aka ɗora shi a jakina, ni na tako.

Alƙali ya ce sai ya ga abin da ake jayayya a kansa. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ya zo da mutanensa, gari ya biyo baya. Na shige gaba ina nuna masa. Mun bi ta masu magani, ya tarar da wata Bafillata tana sassaƙar maɗaci don ɗanta mai zazzaɓi. Mun gangara fadama, ga ayari ya sauke kaya a inuwar rimi. Alƙali ya tsaya gaban rumman ya daɗe yana kallo, ya ce a littafi ya san shi, bai taɓa ganin itacensa ba. Aka tsinko masa, ya ɓare ya ci. Da munka dawo bakin tsamiya na miƙa masa tulu. Mutanensa sunka zaro ido. Shi ko ya naɗe hannun riga, ya ce, "Wanne ne ƙaramin, Inna?"

Sannan ya zauna ya tambayi abu guda: da lafiyarsa Labbo ya yi maganar, ko a ciwon ajali? Don in a ciwon ajali ne, kyautar ba ta wuce sulusin dukiyarsa. Dikko ya ce, "Allah shi gafarta malam, ina gama yi mishi aski ya haye giginya. Ni nag gaji, ba shi ba." Kulu ta faɗi nata, na faɗi nawa, ba inda munka saɓa. Alƙali ya ce garka ta tabbata wakafi, ba mai sara, ba mai darni. Kulu ta rangaɗa guɗa da bakin nan nata maras haƙori. Ni ban yi guɗa ba, ba halina ba ne, sai na sami wuri na zauna.

Ina tunanin abin da Labbo zai ce da ya ga ranar nan. Na san zai yi dariyar alƙali da tulu. Na san zai zagaya ya ga rimin da ya kawo a fasasshiyar tukunya yau mutum biyu ba sa rungume shi. 'Yan ayarinsa da sunka dawo da riguna masu aiki, rigunan sun tsufe, sunayensu ma sai an yi tunani. Shi kuwa mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna cewa, mu haɗu a garkar Labbo. Amma na san yayana. Kafin ya gama murna zai waiga ya ce, "To Mode fa, mi za ya ci?"

Shi ya sa washegari da hantsi na tafi gidan Mode. Na same shi zaune, ko kai bai ɗaga ba. Na ce, "Tashi, ɗauko gatarinka." Na kai shi gonar da na gada wajen ubanmu a hanyar Dogon Daji, wadda ta yi shekaru tana saura, na nuna masa iyaka gabas da yamma. Na ce, "Ga inda za ka yi sara. Taka ce." Ya durƙusa zai yi kuka, na ce ba wannan ya kawo mu ba. A komowa munka biya ta garka. Na kwance bakin zanena na fitar da goron da na roƙa wajen 'yan ayarin nan, ya fara tsiro. Na tona rami kusa da rijiya na binne shi, na miƙa wa Mode tulu.

Ya ce, "Goggo, ai goro ba ya yi a ƙasar ga."

Na ce, "Na sani. Zuba."