Inna Ba Ta Kiran Sunana

Ranar Talata ce, ba kasuwa. Inna ta dama koko tun da asuba. Da hantsi ya fito ta baza tattasai a tsakar gida, yajin ya shiga hancin ƙanena Habu, ya yi ta atishawa muna yi masa dariya. Baba yana zaure yana ɗinke buhuna. Garinmu a bakin kogi yake, ɓangaren Najeriya. In ka tsaya a gaɓa kana hango rumbunan mutanen Nijar.

"Ke! Kwashi kayan nan ki kai rafi."

Haka Inna take kirana. Ni ce 'yar fari, kuma sunan uwar Baba aka sa mini, Rakiya. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina, ta ɗan fari da ta suruka. 'Yan gari suna ce mini Uwani. Inna ko Uwanin ba ta faɗa. In baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce Sani da Habu da Ladi, ta ja bakinta ta yi shiru, ina zaune kusa da ita ina tsince mata wake. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Ni na san wa ake ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin ƙwarya. Na ɗauki kayan ina guna-guni, don ni tun ina ƙarama bakina ba ya mutuwa. Shekarata goma sha bakwai.

Wajen ƙarfe tara na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ƙugi ne yake tahowa daga kudu bai yankewa. Mu mata muna bakin ruwa, hannunmu duk kumfa. Harbin farko daga wajen masallacin Juma'a ya fito. Sai na biyu. Daga nan ba wanda ya iya ƙirgawa.

"Ku kwanta! Maza gefe, mata gefe!"

Muryar wani ɗan bindiga ce ta taso daga kan gaɓa. Na miƙe zan yi gida. Wata tsohuwa ta damƙi zanina ta baya.

"Ina za ki? Ruwa! Ku faɗa ruwa!"

Rani ne, kogin ya janye, amma a tsakiya ya kai mini ƙirji. Wata ta ɗora jaririnta a ka. Wata ta zame a gabana, ban ga tasowarta ba. Takalmina ya tafi. Na fita ɗaya gaɓar da rarrafe, na shige cikin ƙaya na kwanta.

Kafin azahar suka sa wa rumfunan tattasai wuta. Hayaƙin ya ƙetaro kogi ya same mu. Ido ya rufe, maƙogwaro ya kama. Mu da muke nesa ke nan. Waɗanda suka ɓuya cikin rumbuna a gari tari ne ya tona su. Ina jin tarin daga inda nake, sai in ji harbi, sai tarin ya tsaya. Na cusa gefen zani a baki na cije.

Bayan la'asar baburan suka tafi. Ba wanda ya koma. Muka yanki daji muka yi arewa, ƙafa ba takalmi, har muka ci karo da sojojin Nijar. Suka sa maza suka ɗaga riguna sama, suka tara mu gindin wata bishiya, suka ba mu ruwa a jarka.

A nan maƙwabcinmu ya same ni washegari da hantsi. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce an harbi Baba a ƙofar zaure, allurar buhu tana hannunsa. Ya ce ya ga Inna ta ƙetare ta mashigin sama, Ladi a bayanta, yaran biyu riƙe da zaninta, kara ya soke ta a ƙafa tana ɗingishi. Ya ce ta tsaya tana duba fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi kowa komai ba, har aka tura su cikin wata babbar mota mai zuwa Damagaram.

Na daɗe a bakin iyaka kafin in sami mai ɗauka ta. Wani direban tattasai ne ya ji tausayina, ya ce in hau saman buhuna. Na iso Zinder, wato Damagaram, da fatar ƙafa a tsage, ban san kowa ba. Wata tsohuwa mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a unguwar Birni ta ba ni tabarma a ɗakinta, ina tsinke mata zogale. Ita ta raka ni wurin da ake rubuta 'yan gudun hijira. Biro suke ce masa a nan.

Wani mutum mai furfura a gemu ya zaunar da ni, kowa Mushe yake ce masa. Kafin ya tambaye ni komai ya ce zai gaya mini abin da yake nawa da abin da yake kaina. Ba wanda zai mai da ni inda na fito da ƙarfi. Zan sami takarda in riƙa nuna wa jandarma. In ba ni da lafiya zan ga likita. Duk abin da na faɗa a ɗakin nan, da inda nake kwana, sirri ne, ba za a gaya wa kowa ba sai da yardata. Ni kuma dole in faɗi gaskiya, in bi dokar ƙasa, in zo duk ranar da aka kira ni, kada in canza mazauni ban sanar ba. Na ce na ji na yarda. Ya ce sunana na yanka. Na ce Rakiya.

Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ba shi sunan Inna, Hajara, da na Baba, da na garinmu. Ya duba na'urarsa. Na ga idonsa ya tsaya wuri ɗaya.

"Tana nan? Mushe, tana raye?"

"Akwai mai wannan suna," ya ce. "'Ya'ya uku ta faɗa. Babu Rakiya."

"Sani, Habu, Ladi! Ga su nan na faɗa maka! Ni ce babba, ba ta faɗar sunana ne!"

"Na san kunya, 'yata. Tsohuwata har ta rasu ba ta kira yayana ba. Amma sai ta faɗa da bakinta."

Na tashi tsaye na yi masa tijara a gaban mutane. Na ce wace irin doka ce ke ɓoye wa 'ya uwarta. Ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya ce akwai waɗanda suke zuwa da kuka, da sunayen yara daidai, su ce dangi suke nema, alhali su ne aka gudo dominsu. Ya ce sirrin da ya yi mini alkawari ɗazu, shi ya yi wa matar nan. Ba ta cikin gari, iyakar abin da zai ce ke nan. Za a aika a tambaye ta.

Na shiga jira. Kullum da safe ina ƙofar biro kafin mai shara. Da rana in bi tasha da kasuwa ina tambayar mace mai ɗingishi da yara uku. Wani ya ce ya ji an kai baƙi Garagumsa. Na nemi izni na tafi, jandarma suka duba takardata a shinge suka bar ni na wuce. Na bi gida-gida har magariba. Baƙin Barebari ne, ba su san mu ba. Yamma na yi, ashe Inna gabas take.

Ɗan aiken farko namiji ne. Da ya dawo, Mushe ya kira ni, ya ƙi kallon fuskata. Inna tana takaba. Ta bayan asabari ta yi magana, dattijon da ya sauke ta yana zaune a bakin ƙofa tare da ɗan aiken. Ƙa'idarsu ba a gaya wa mutum amsa, don haka bai ce mata ina raye ba. Cewa ya yi ta lissafa masa 'ya'yanta duka. Ta ce Sani, Habu, Ladi. Ya ce babu saura? Ta yi shiru. Ya sake tambaya. Ya ji tana jan hanci, amma ba ta ce uffan ba.

Ranar ban yi faɗa ba, ƙarfin ya ƙare. Na durƙusa a siminti na kama ƙafar teburinsa. Na ce, "Mushe, ka ce sirrina nawa ne. To na yafe shi. Ku gaya mata Uwani tana Zinder. Ku kai mata hotona. Ku tura mace, ta shiga har ɗaki, kada kowa ya zauna a ƙofa."

Ya yarda. Sai dai motarsu ɗaya ce, garuruwa da yawa. Ruwan farko ya sauka, manoma suka fita shuka, hanya ta yanke a wani kwari. Aka ce jibi. Jibi ta zo aka ce wani sati. Na daina cin abinci. Tsohuwar mai kopto tana zagina tana ɗura mini kunu. Sau nawa na ɗaure kayana in bi ƙauyuka da ƙafa, sai in tuna in aka kira ni ba na nan, an ajiye maganata gefe ke nan. Sai in kwance ƙullin in zauna. Ban taɓa tsanar zama wuri ɗaya kamar lokacin ba.

Matar da aka tura Madam Zali ce, gajeriya mai saurin magana. Ran Laraba ta tafi. Bayan la'asar ta dawo, ba ta ko shiga biro ba, ta same ni a gindin bango.

"Tashi, Rakiya. Uwarki ce. Gobe da safe zan kai ki da kaina."

Na ce mu tafi yanzu. Ta ce direba ba zai bi kwarin nan da duhu ba. Na roƙe ta har da Annabi. Ta ce ko ita aka ce ta tura motar da hannu da ta tura, amma ba ta da iko. Sai a sannan ta gaya mini wurin. Wani ƙauye ne bayan Zermu, gidan wani tsohon abokin cinikin Baba. Duk watannin nan, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba ce tsakaninmu.

Muka tashi ƙarfe bakwai. Mota ta kafe a laka, muka fita muka tura. Wajen sha ɗaya muka shiga ƙauyen. Na ga maza suna dawowa daga bayan gari da fartanyu, na ɗauka daga gona suke. Sai na ga makara a jingine jikin darni, a jiƙe. Sani yana cikinsu, ya rame, ƙasa har gwiwa. Ya gan ni ya tsaya cak.

Ƙafar Inna ce, wadda kara ya soke. Ciwon ya rufe a sama ya ci ciki, ita kuma ta ƙi fita asibiti tana takaba, ta ƙi ɗora wa mai masauki nauyi. Da asuba ta cika.

Madam Zali ta zauna kusa da ni a ɗakin, kan tabarmar da Inna ta kwanta. Ta ce jiya da ta shigo ta saki asabari, ta miƙa mata hoton. Inna ta riƙe shi kusa da ido ta daɗe. Ta goge shi da gefen mayafi. Madam ta ce mata, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, doka ce, sai na ji daga bakinki. Wace ce wannan?" Inna ta dubi ƙofa. Sannan ta yunƙura ta zauna, ita da aka ce ta kwana biyu ba ta iya ɗaga kai.

Madam ta ci gaba: "Ta ce, 'Rakiya ce. 'Yata ce ta fari, ni na haife ta.' Na ce ya isa, na ji. Ba ta tsaya ba. Ta sake faɗa da ƙarfi, har matan gidan suka leƙo. Ta ce in rubuta da kyau, kada a sake ɓata."

Na tambayi Madam yaya Inna ta faɗi sunan. Ta ja shi ne, ko ta datse? Ta gwada mini. Muryarta ce kawai na ji. Na tambayi Sani, ya ce yana tsakar gida ya ji, bai ma gane wa ake nufi ba sai daga baya. Na tambayi matan gidan, kowace ta faɗa mini nata.

Yanzu muna Zinder. An haɗa mu a takarda ɗaya, ni ce babba a kai, yaran uku a ƙarƙashina. Ba wanda ya kore mu. Sani da Habu suna lakkol, wato makarantar boko, Ladi tana ce mini Inna, na hana ta har na gaji na bari. In an kira ni biro ina zuwa a kan lokaci, Mushe ya kira sunana na yanka in amsa.

Baba ban ga kabarinsa ba. Na Inna na gani, ƙasar ba ta bushe ba. Waɗanda suka ji ta kira sunana ranar Larabar nan, na ƙirga su: Madam Zali, da Sani, da matan gida uku, da wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi. Ni ina gindin bango a Zinder.