Ragunan Alhaji a Allon Sinima

Ɗan shagona na Gumel ba a san shi da komai ba sai bidiyon biki da na suna. In ɗauka, in tace a kwamfuta, in ba mai shi. Ana saura wata biyu Babbar Sallah wani Alhaji mai kiwon raguna ya aiko a kira ni. Garkensa yana bayan garin Maigatari, kuma duk ranar Alhamis dillalai sun san rumfarsa a kara, kasuwar dabbobi. Ya ce a bana so yake masu hali na Kano su saya daga hannunsa kai tsaye, a kai musu har gida. An ba shi shawara ya sa talla a wani gidan sinima na Kano, irin wadda ake haskawa kafin a fara fim.

Ban taɓa yin aikin da za a haska a allo mai girman bangon masallaci ba, don haka ban yi gaban kaina ba. Na nemi lambar matar da ke kula da na'urar haskawa a gidan sinimar, na kira ta. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Allonsu ya ɗan fi na talabijin faɗi, in fitar da bidiyon faɗinsa 1998, tsawonsa 1080. Hoto ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa, ba ashirin da biyar da na saba ba. Kada in kai rubutu bakin hoto, kada in cika ƙarar sauti. Abu na ƙarshe da ta nanata shi ne kada a turo ta waya, a kawo a filashi.

Kwana uku na yi a garken. Raguna ne balami farare, sun ci harawa da dusa har wuyansu ya yi ninki. Akwai wani babba mai murɗaɗɗen ƙaho da na bi da kyamara tun hantsi har azahar kafin ya yarda ya juyo ya kalle ni. Na tace tallar ta zama daƙiƙa talatin. Sau huɗu ina fitar da ita ina gogewa, domin farin gashin ragon yana ƙonewa a hoto, sai da na samu ana ganin kowane sili. Na auna faɗi da tsawo, na sake aunawa, sannan na zuba a filashi biyu, na kai wa Alhaji ɗaya.

Ya miƙa wa ƙanensa, wani magidanci mazaunin Kano mai wayoyi uku, ya ce shi zai kai.

"Don Allah yadda take ɗin nan za a miƙa musu," na ce masa. "Kada a taɓa komai."

"Malam, mu a birni muke," in ji shi. "Ba yau muka fara ganin bidiyo ba."

Ranar da za a fara haskawa Alhaji ya ɗauke ni a motarsa, da abokansa biyu dillalai da ya gayyato su ga abin arziki. Fim ɗin la'asar ne, zauren ya kusa cika. Aka kashe fitilu, aka yi tallar wani lemo, sai na ji sautin tallata ya tashi.

Abin da ya fito a allo wani siririn tsiri ne a tsakiya, kamar ƙyauren banɗaki, hagu da dama baƙi wuluk. A cikinsa an matse garken Alhaji gaba ɗaya. Ragunan sun yi tsawo sun tsuke, ƙafafu zaƙo-zaƙo kamar karnukan farauta. Babban ragon nan da na sha rana dominsa ya koma kamar wanda ya shekara yana jinya. Hoton ya dushe, a ƙasa kuma ga wata lambar waya da jan rubutu wadda ban taɓa gani ba. A daidai nan muryar mai shela ta ce, "Raguna ƙosassu, masu mai, daga Maigatari!"

Zauren ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "A ba su abinci tukuna!"

Ko fim ɗin ba mu tsaya gani ba. Muna fitowa Alhaji ya juyo kaina a gaban abokansa da masu sayen tikiti.

"Ashe ba ka iya ba? Ai da ka faɗa mini tun farko, da na nemi ƙwararru. Shekara talatin ina kiwo, yau ka sa yara suna yi mini dariya."

Ƙanen nasa yana gefe yana latsa waya, har da girgiza kai. "Ai na faɗa maka, Yaya, aikin ƙauye sai a hankali."

Ban taɓa ɗaga wa dattijo murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na ce, "Alhaji, lambar da ke ƙasan hoton nan ta wane ne?" Ƙanen ya ci gaba da latsa wayarsa. Na roƙi mai gadi ya kira mini matar da ke kula da na'ura.

Ta fito, muka gaisa. Ta ce ita ba ta ga filashi ba. Ta waya aka turo mata bidiyon, a tsaye, irin wanda ake kallo a tafin hannu. Ta kira mai turowa ta gaya masa wannan ba zai yi ba, ya ce su haska kawai, haka mai aikin ya yi shi. Ashe ƙanen Alhaji ne, lambarsa yake son sawa don masu saye su bi ta hannunsa. Ya buɗe tallar a manhajar waya, manhajar ta tura faffaɗan hoto cikin tsayayyen gida, shi kuma ko a jikinsa.

Na ciro filashina na biyu na ba ta. Ta ce sai ta mayar da shi irin wanda na'urarsu ke karantawa, mu dawo gobe da safe kafin a buɗe. Muka dawo. A zauren da babu kowa sai mu, garken ya cika allo daga bango zuwa bango, babban ragon ya juyo da ƙahonsa, ana ganin ninkin wuyansa.

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, alhamdu lillahi, an gyara."

An gyara. Kamar ni na ɓata. Bai ce yi haƙuri ba, bai ko harari ƙanensa ba. A mota ya ce mini maganar cikin gida ce, in rufa musu asiri, in bar ta a nan. Na bar ta. Dillalan nan biyu kuwa ba su zo kallon safiyar ba, kuma su ba su bar ta ba. Kafin Alhamis ta zagayo, labarin ya gama karar Maigatari, ya bi 'yan acaɓa har garin Sule Tankarkar.

Tallar ta yi sati uku ana haskawa yadda na yi ta, ragunan suka ƙare tun kafin jajiberi. A Gumel kuwa wata uwar amarya da ta riga ta kama ni aiki ta aiko cewa ta fasa, ba ta son a ramar mata da 'ya ranar bikinta. Bayan kwana biyu wata Hajiya mai jiki ta zo shagon da kanta, ta rage murya, ta tambaye ni ko zan iya yi mata irin abin da na yi wa ragunan. Na ce mata ban iya ba, na kwatanta mata gidan wanda ya iya a Kano.