Yadda Aka Nemo Mini Irin Uwata

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Ranar da aka kawo ni Yako ina amarya daga Burumburum, uwata ta ƙulla mini zangarniyar dawa uku a bakin zane. Jar dawa ce mai baƙar riga, wuyanta a lanƙwashe kamar mai gaida surukai. Tana riga kowace dawa nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri ba ta ba mutum kunya. Tun ina goyo har na aurar da jikoki, iri bai taɓa yankewa a hannuna ba. Kowace kaka nakan shanya shi, in ɗauki ƙwaya ɗaya in ciza. In ta ce ƙas, ta bushe. Sai in gauraya da toka, in zuba a tulu, in liƙe baki da laka.

To, shekaru suka kwashe haƙorana. A wata kaka ɗana ya kawo mini jarka mai murfi, ya ce ko iska ba ta shiga, balle ƙwaro. Na ɗauki ƙwaya na kai baki, babu abin cizo. Gidan cike yake da masu haƙora, amma girman kai ya hana ni kiran kowa. Na murza a tafin hannu, na ce ai ta bushe, na zuba na rufe.

Da ruwan shuka ya sauka na buɗe. Wari ne ya fara gaishe ni. Iri ya yi funfuna, ya dunƙule ya yi baƙi. Na bi gidajen da na taɓa ba wa, kowa ya ce ya koma sabon iri. Na aika Burumburum, aka ce an daɗe da barin shuka wannan dawar. Ranar na zauna a gindin rumbu, ji nake kamar yau aka binne uwata.

A haka jikata ta same ni. Malamar makaranta ce a Kiru, da 'ya'yanta biyu, kuma tana da wani shafi a waya inda take rubuta abin da ke ranta mutane su karanta.

Ta ce, "Tsohuwa, wa ya mutu? Ko goro ne ya ƙare?"

Na ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Irin uwata ne ya mutu, kuma ni na kashe shi."

Dariyar ta tsaya. Ta zauna ta sa na siffanta mata dawar tun daga kara har ƙwaya, tana rubutawa. A ƙarshe ta yi wani ɗan zane kamar gidan dara, ta liƙa masa kalma biyu: tsohon iri. Ta ce akwai masu rubutu irinta da yawa, kowa da shafinsa. Duk wanda ya rubuta ra'ayinsa a kan wannan magana, in ya ɗora alamar nan, rubutunsa zai zo wuri ɗaya da na sauran.

Na ce, "Kamar tsagar kunnen awaki ke nan? Kowacce ta tafi kiwonta, da yamma a gane na gida ɗaya?"

Ta ce, "Wallahi Iya, kin fi ni bayani."

Ikon Allah! Da ta dawo ranar Juma'a, sai ta yi ta karanto mini muryoyin mutanen da ban taɓa gani ba. Wani daga Tudun Wada ya ce tulu da toka ya fi, jarka ta lalatar da mata. Wata daga Doguwa ta ce masa ya fara ɗaukar tulu a ka kafin ya yi magana, jarka ba ta da laifi, laifin danshi ne. Wani ya ce a bar tsohon iri ya huta, zamani ya wuce shi. Aka yi masa caa. Wata kuma ta ce wanda ba shi da haƙori ya zuba busasshen gishiri da ƙwaya a kwalba ya girgiza, in gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. Na riƙe baki. Babu mai shela, babu kiɗa, babu inuwar da aka zauna, amma ga taro ya cika a tafin hannun jikata. Sai dai duk cikinsu babu mai irin, ga kwanakin shuka suna tafiya.

Sai wani malami a Bebeji ya tuna cewa bara ya taɓa karanta rubutun wani mutum daga bakin dajin Falgore, yana yabon dawar uwarsa. Mai rubutun bai ma san ana wannan taro ba. Malamin ya koma ya tono tsohon rubutun, ya ɗora masa alamar da hannunsa, sai ga shi ya biyo sawun sauran. Da hoto a jikinsa. Jikata ta kara mini wayar a ido. Jar ƙwaya, baƙar riga, lanƙwasasshen wuya. Na ce, "La ilaha illallahu. Ita ce."

Jikata ta tuntuɓi mai rubutun, ya yi mana kwatance. Ni da ita muka hau ƙaramar mota, daga nan babur ya bi da mu hanyar shanu har wata ruga. Uwar mai rubutun Bafulatana ce, sa'ata. Muka daɗe muna gaisuwa, ta kawo nono. Sannan ta shiga bukka ta sauko da zangarniya daga saman murhu, hayaƙi ya dafe ta. Ta ce kakarta ce ta samo ta wajen wasu manoma a hanyar mashekari.

Na kai hannu bakin zanena, ta riƙe ni. Ta ce, "Iri ba a sayensa, Inna. In Allah ya kai mu kaka, ki aiko mini da zangarniya biyu, in ga yadda ƙasarku ta karɓe ta."

Na tambaye ta yadda take gane ta bushe. Ta buɗe baki ta nuna mini, dasashi ne zalla kamar nawa. Ta ce, "Surukata nake kira. Haƙoranta na zaune banza." Muka yi dariya har hawaye, nawa dai ba na dariya kaɗai ba ne.

Na shuka a makare, amma dawar ta yi halinta, ta nuna kafin ruwa ya ɗauke.

Bafulatanar ta karɓi zangarniyarta biyu, ta rasu a damina ta gaba, Allah ya jiƙanta. Ɗanta yana nan yana rubutunsa. Malamin Bebeji ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba. Ɗana ya ware wa dawar kunya goma a gonarsa. Jikata har yau mutane na ɗora wa alamarta rubutu, kuma duk kaka sai ta zo ta ciza mini ƙwaya, tana cewa in biya ta ladan haƙori da tuwo. Ni kuwa na raba irin gida bakwai, rabi a tulu, rabi a jarka. Nan na sauke kayana.