Masaukin wasiƙu a ɗakina

Aji uku na yi a makaranta, shi ma rabinsa a gindin mangwaro. Amma ni ne 'yata ta ɗora wa riƙon sabar imel ta gidanmu, wato kwamfutar da ke karɓa da aika wasiƙu. Ta zo daga Bawku da tsohuwar kwamfuta, ta girke ta a ɗakina a Salaga, ta ce daga yau wasiƙun zuriyarmu a nan za su riƙa sauka, ba a gidan wani kamfani ba.

"Baba, aiki ne ba wasa ba. In ka lalata, zan ɗauke ta."

Ta koya mini buɗe wa mutum akwatin wasiƙa, da duba ko kwamfutar ta cika, da tada ta in wuta ta dawo. Na iya, har ina wa abokaina fankama a rumfar doya.

To mu jikokin fataken goro ne. A gidanmu duk wanda ya yi sallama sai an ba shi tabarma. Sai ga shi 'yan zango suna zuwa, kowa yana son akwati. Na buɗe wa mai shayi, na buɗe wa tela, na buɗe wa wani da ban ma san ubansa ba. Kalmar sirri ɗaya na ba su duka, don kar a ce na yi son kai.

Ba a jima ba ƙanena ya kira daga Yendi. "Yaya, wasiƙunka ba sa zuwa." Ashe ɓarayin intanet sun shigo ta akwatin tela suna watsa tallan maganin sanƙo da sunan gidanmu, duniya ta rufe mana ƙofa, ta daina karɓar wasiƙunmu.

'Yata ta iso da kwalin ɗauke kwamfutar a hannu.

"Baba, saba ce ko masauki?"

"Uwata, da kin gan su ke ma da kin tausaya."

"Har mai shayi? Ya iya karatu?"

"Yana da niyya."

Dariya ta ƙwace mata, amma ba ta saki kwalin ba. Na ce ta zauna ta kalle ni. Da yatsa ɗaya na rufe akwatunan baƙin, ina ba kowane haƙuri da baki, na sake wa na dangi kalmomin sirri. Ta gyara sauran, ta roƙa a buɗe mana ƙofa.

Da za ta koma, da doya ta cika kwalin, ta bar mini kwamfutar.