Dalma a Ƙasan Kofin Sadiƙu

Fizge kofin na yi daga bakin jikana Sadiƙu, ya kuwa callara ƙara har da birgima. Uwarsa Hadiza, matar ɗana Sale, ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Inna lafiya? Me ya yi?"

"Shi bai yi komai ba. Wa ya ba shi wannan?"

"Ni ce. Ai tsohon kofin babansa ne, tunda ƙasan ya ɓalle ya sayi sabo. Haƙori yake yi, sanyin ƙarfen yana masa daɗi."

Irin kofin nan ne na ƙarfe mai murfi, mai riƙe zafi kamar filas. Sale direba ne, yana ɗaukar fasinja daga nan Birnin Kudu zuwa Kano. Ya zuba shayi da asuba, ya je ya dawo bai huce ba. Faifan da ke rufe ƙasan kofin ne ya fita, sai ga wani ɗigo mai ruwan toka a tsakiya kamar ƙwayar wake, Sadiƙu ya tsotse shi har yana ƙyalli. Na sa farce, ya shiga. Na goga shi a bango, ya bar layi. Ni da na tsufa kafin na san baƙi a aji, wannan kam tun ina da tsayin turmi na san shi. Dalma ce.

A ƙauyenmu na wajen Fagam, cikin ƙasar Gwaram, akwai wani mai liƙin kwano da ke zuwa bayan an gama girbi. Ya zauna gindin darbejiya da gawayinsa da ɗan zugazuginsa, mata su yi ta turo masa kwanon sha da tasa da butar da ta huje. Ya narka dalma ya toshe. Abin da ya ɗiga a ƙasa kuwa namu ne mu yara. Mu tsince, mu yi zane a jikin garu, mu gartsa da haƙori mu ga wa zai fi barin shaida. Ba wanda ya hana mu, ban da kakata ta wajen uba, Iya.

Iya ba ta duka. Ta ce duka gajiya ne, ita kuma ƙarfinta na tuwo ne. Lokacin ɗari in an yi sallar isha sai ta hura wuta a tsakar ɗakinta da kara da ɗan guntun kirya, mu jikoki mu cika ɗakin, kowa ya miƙa tafin ƙafa wajen wutar. Ta binne rogo a cikin toka. Hayaƙi ya sa mu hawaye amma ba mai fita. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta karkata kai kamar ta ji sallama, ta ce, "Ga wata can a bakin ƙofa tana rawar ɗari. In shigo da ita ko ta koma?"

Mu haɗa baki, "Shigo da ita, Iya!"

"Ku matsa mata to. Kai Ɗanladi, janye wannan ƙafar taka mai kaushi, baƙuwa ba ta tsallake mutum."

Duk shekarar da mai liƙi ya zo, tatsuniya ɗaya take mana, ta mai kunu. Wai wata mata ce ke kai kunu kasuwa, kasuwar da nisa, kafin ta isa ya huce, ba mai saye. Rannan ta tarar da wata tsohuwa a gindin tsamiya, ta ɗebo mata ludayi biyu sadaka. Tsohuwar ta sha, ta ciro wata 'yar tukunya mai liƙi a ƙasa ta ba ta. Ta ce, "Abin da kika zuba a nan ba zai huce ba. Akwai wani ɗan abu da ke barci a bayan liƙin nan, numfashinsa ne ke ɗumama ta. Muddin liƙin na nan, bawanki ne. Ran da ya ɓare, tukunya ta gama aiki. Kada ki ji tausayinta."

Mai kunu ta yi kasuwa, ta yi zane, ta yi awaki. Ana nan ana nan liƙi ya ɓare. Ta juya tukunya ta duba, ba tsaga, ba huji. Ta ce haba, wannan lafiyayyar tukunyar zan yar? Sai ta ba 'yarta ƙarama ta yi wasan girki.

A nan Iya kan rage murya. "Abin ya farka. Kuna tsammani cizo ya yi?"

"Ya cije ta!"

"Bai cije ta ba. Da cizo ne ai da sauƙi, a ji kuka a zo. Lasa yake yi. Kullum ya lashe kalma ɗaya daga harshen yarinyar. Yau ta tashi ta manta sunan ruwa. Gobe ta manta sunan akuya. Har ran da ta kalli uwarta, ta buɗe baki, ba ta san me ake ce mata ba."

Wallahi ko yanzu da nake rubuta wannan sai da tsigar jikina ta tashi. A lokacin ni kan riƙa kiran sunayen abubuwa a zuci, tabarma, ƙofa, Iya, in tabbatar nawa suna nan.

Mai kunu ta gane. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, kada a ce ita ta cuci 'yarta. Ta faki ido ta kai tukunya juji. Kafin la'asar ga maƙwabciya da sallama: "Ga tukunyarki yara sun fitar, Allah ya sa na gani." Ta kai ta kogi ta jefa. Kwana biyu ga masunci: "Ai na san ta, duk kasuwa an san ta." Ta haƙa rami a gona ta binne, mai noma ya tono ya aiko ɗansa da ita, har an wanke mata.

Mu kuma a nan dariya muke, Iya tana kwaikwayon muryar kowa, tana durƙusawa tana godiyar dole.

Ɗanladi ya ce, "Iya, ta fasa ta mana."

"Ta fasa ya fito ya shiga gari? Da kai ne mijinta da an yi asara. Ci rogonka."

Ƙarshe dai mai kunu ta ɗauki tukunya ran kasuwa, ta dire ta a tsakiya, ta cire kunya ta yi shela. Ta faɗi abin da ke ciki, ta faɗi abin da ya yi wa 'yarta. Daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa ta. Abin ya rasa harshen da zai lasa, yunwa ta kashe shi. Kalmomin yarinya suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, wai ta farko da ta dawo ita ce "ƙari", don yarinyar akwai ci.

Sai Iya ta kakkaɓe zane ta ce, "Na sauke ta nan, mai ƙarfi ya ɗauka. Wanda na ƙara gani da dalma a baki, shi da rogona sai kallo."

Sai da na yi aure mahaifiyata ta gaya mini daga ina tatsuniyar ta fito. Iya tana da ƙane da aka kai koyon liƙi tun yana ƙarami. Yaro mai baki, mai waƙa. Ya dawo da ciwon ciki da ba ya jin magani, hannu ba ƙarfi, a yi masa magana ya yi ta kallon mutum. Gari ya ce iska ce. Iya ta ce ita dai ba ta ga iska ba, ta ga abin da yake yini yana shaƙa yana sa wa a baki. Ba ta da karatu, ba ta da wanda zai saurare ta, sai ta ɗinka abin ya zama tatsuniya ta ba yara. Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne kada a ci dalma. Sai da na tsufa na ga ashe mu take faɗa wa, mu da ba ma iya yar da abu. A gidajenmu sabo na maigida ne. In ya lotse ya koma na uwargida, in ya fashe ya zama na yara, in ya gagari yara a zuba wa kaji ruwa. Ba rowa ba ce, haka muka tashi kuma ya rufa mana asiri. Amma ka duba ka gani, mafi lalacewar abu a gida yana ƙarewa ne a hannun mafi ƙanƙantar mutum.

Duk wannan ban tsaya faɗa wa Hadiza ba. Cewa na yi, "Tattaro mini duk kofunan nan na gidan nan, har sabon, yau za su bar gidan."

"Inna, har sabon? Bari dai in kira Madam Rahila."

Madam Rahila maƙwabciyarmu ce, nas ce a asibitinmu, mutuniyar Filato, ta daɗe a garin nan har Hausarta ta fi ta wasu. Ta zo ta juya kofin ta ce ta ga ana maganarsa a waya. Wai da dalmar ake toshe ƙofar da aka zuƙe iskar da ke tsakanin bango biyu na kofin, shi ya sa yake riƙe zafi, sannan a rufe da faifai. Ba kowane kamfani ke sa ta ba. Kuma ba ta taɓa abin shan da ke ciki.

"Mama, mai lafiya ba ruwansa, ku bar wa Sale shayinsa. Wanda ƙasansa ya fita shi ne abin gudu."

"To na ji. Sabon ya ci albarkacinki."

Hadiza kuwa tuni ido ya kawo ruwa. Ta ce yaron ya fi wata yana tsotsar abin. Ita ta fara cewa a kai shi asibiti, kafin ma Madam ta faɗa. Na ce mata, "Share hawayenki, ba ke kika sa dalmar ba. Ni ma da ban san ta ba da na ba shi." Washegari aka ɗebi jininsa aka ce sai an aika Kano, mu jira.

Jiran nan ba daɗi. Sadiƙu bai fi kalma uku yake da ita ba a duniya: Baba, mota, da "Nna" da yake ce mini. Kullum da safe sai na tsare shi. "Kai angon nawa, wace ce ni?" In ya ce "Nna" in ji sanyi. In ya yi banza da ni yana wasansa, ranar ko koko ba ya shiga.

Kofin kuwa na ƙulle shi a leda na kai bola da kaina. Kafin azahar ga 'yar maƙwabta, wai mamarta ta ce ga kofin Baban Sadiƙu an zubar da shi cikin shara ba a sani ba. Na karɓa na yi godiya, me zan ce? Na yi niyyar ba 'yan gwangwan, Sale ya ce su ma sayar wa masu narka tukunya za su yi, ya dawo mana cikin tukunyar miya. Sai na jefa shi ƙasan akwatina na sa kwaɗo.

Ran da aka ce mu koma asibiti, na sa shi a jaka na tafi da shi, na ce ko su can sun san yadda ake yi da irinsa. Layin ya haɗu da na masu rigakafi, mata cike da benci, wasu tun daga Kangire, kusan kowace da irin kofin nan ta zubo wa ɗanta kunu. Hadiza ta shiga da yaron, ni na kasa, na zauna a waje ina jan carbi.

Ta fito tana dariya tana kuka. An samu dalmar a jininsa, amma kaɗan ce, bai kai na kwanciya ko magani ba. An ce a ba shi ƙwai da wake da zogale, a riƙa wanke masa hannu, a dawo da shi a sake dubawa. Likitan ya ce an yi sa'a an raba shi da abin da wuri. Na ce alhamdulillahi har ban san iyaka ba. Na karɓi Sadiƙu na matse shi, ya ture ni ya ce "mota".

Na ciro kofin zan kai wa Madam Rahila, sai wata yarinya mai goyo da ke kusa da ni ta taɓo ni.

"Inna, in yarwa za ki yi ki ba ni mana. Ɗana ya yi wasa da shi."

Na dube ta. Na miƙa wa Hadiza yaron, na dafa bango na miƙe tsaye, na ɗaga kofin sama yadda na bencin baya za su gani.

"Ke ba zan ba ki ba. Ku kuma ku yi shiru ku ji abin da ya same mu. Kowace ta juyo ƙasan kofinta."

Aka fara juyawa. Wata daga can baya ta ce, "La, nawa ma ya fita!"