Fararen Fil na Mis Garrod

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba 1933, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Mis Winifred Garrod, duba-garin ƙaramar hukumarmu a kudancin Landan, ta rasu a asibitin zazzaɓi. Taifod ce ta ɗauke ta. Shekarunta hamsin da huɗu, ashirin da shida a bakin aiki. Kwamitin lafiya ya yi mata ta'aziyya a layi biyu, ya kuma rubuta sunanta ba daidai ba.

Mis Garrod, wata biyar kacal na yi da ke. Ranar da na zo da sabuwar takardar likitanci, kika duba takalmina kika ce, "Dakta Ashby, wannan ba zai kai Kirsimeti a lungunanmu ba." Kika ba ni sunan mai gyara. Ke kika ɗinka wa matar Mista Tuck, wani mazaunin lungunan nan, labule bayan an ƙone nata saboda cuta. Ke kike raka uwaye har ƙofar asibiti idan an ɗauke 'ya'yansu, ba don aikinki ba ne.

A bangon ofishinmu akwai taswira. Idan likita ya aiko da katin sanarwa, sai a soka jan fil a gidan mai cutar. Haka doka ta ce. Ke kuwa kina da fararen fil a gwangwanin alewa, na gidajen da kati bai zo ba amma idonki ya ga wani abu: zannuwan gado a kan igiya ranar da ba ta wanki ba, ko taga a rufe da rana tsaka.

Ranar 2 ga Oktoba kika soka farare bakwai a Layin Cooper. Na cire su. Na ce ba a rubuta zato a bangon hukuma.

"Dakta," kika ce, "mai ɗaukar kaya a bakin ruwa ba ya kiran likita sai ya ga mai akwatin gawa yana auna shi da ido."

Na ce mu jira kati. Katin farko ya zo ranar 11. Kwana tara. Duk gidajen bakwai daga shago ɗaya suke sayen madara, kuma da fil ɗinki na nan, da kowa ya gani. A kwanakin nan tara kin bi layin gida-gida ke kaɗai, kuma ba kya ƙin shayin kowa, don kin ce wanda ya ƙi kofin mutane ba zai ji gaskiyarsu ba. Da madarar nan ake haɗa shayin.

Katinki ya zo teburina ranar 30. Da hannuna na soka jan fil a gidanki. Da na je duba ki, leɓunanki sun bushe, amma kika ce, "To, Dakta, wannan karon kati ya zo. Hankalinka ya kwanta?"

Mutum arba'in da ɗaya suka kamu, shida suka mutu. Rahoton shekara zai ce an gano tushen cutar cikin gaggawa. Na karanta daftarin. Babu kwana taran a ciki, babu sunana. Ke kuma kina shafi na goma sha bakwai: mace ɗaya, 54.

Allah ya jiƙanki, ya yi miki rahamar da kika yi wa mutanen Layin Cooper. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yar'uwarki Mis Edith, wadda ta ba ni gwangwanin nan bayan jana'iza ba tare da ta kalle ni ba. Allah ya ba ta haƙuri.

Yau akwai fararen fil uku a Layin Brewer, ni na soka su. Babban likita ya ce in cire su kafin zaman kwamiti na jiya Alhamis. Yau Juma'a ce, suna nan.

Leonard Ashby, mataimakin likitan ƙaramar hukuma